Jawabi A Kan Sauka Cikin Gonar Wani Ba Da Izninsa Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya ƙasa guda ta ɗauki mai noma da mai kiwo. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku malamaina, ya ku 'yan'uwana almajirai na Jega da Aliero da Maiyama. Ku sani ban fi kowa sani ba cikin wanga majalisi, akwai waɗanda na yi karatu gabansu suna zaune. Abin da ya sa na tashi shi ne kaka ta yi, an yanke gero, dawa na jiran wuƙa, wake kuwa yana kwance cikin gonaki, ga shanu sun fara gangarowa daga arewa. Kowa cikinku ya san wanga lokaci shi ne lokacin da a ke kai ƙara gidan mai gari, shi ne lokacin da a ke kai masu rauni asibiti. Mas'alar da ni ke so mu duba ita ce: mutum ya zo ya kafa bukka, ko ya kafa turke, ko ya sauke kaya cikin gonar wani ba da izninsa ba. Mi shari'a ta ce, mi dokar gwamnati ta ce, mi kuma ya wajaba bisa kanmu?

Fasali na farko: yadda anka saba

Ku sani sauka da izni tsohon abu ne ga wagga ƙasa. Garin Jega da kansa da izni anka kafa shi, domin Buhari ɗan Malam Abdussalami, bayan rasuwar ubansa a 1818, sai da ya sami yardar Gwandu kana ya zauna nan. Daga baya Jega ta zama babbar kasuwa bisa hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Ayari ya kan taso da jakuna ɗari bisa ɗari, amma madugu ba shi sauke kaya inda ya ga dama. Jagaba ke wucewa gaba, a gai da sarki, a ba da abin da a ke bayarwa, a nuna musu zango. Saboda haka kowane gari na kirki shina da zango bayan gari, da rijiya, da wurin ɗaure dabba. An hana baƙo sauka gonar mutane, an kuwa tanadar masa inda za shi sauka. Ku riƙe waɗannan biyu tare, domin jawabina duka a kansu ya ke.

Ni kaina na taso na iske wagga al'ada ga gonar mahaifina, Allah ya jiƙansa, bisa tudu tsakanin Jega da Aliero. Akwai wani dattijon Bafillace da ke zuwa kowace shekara in an ɗauke amfani. Shi kan bar garkensa can bakin labi, shi zo shi kaɗai da sanda a kafaɗa, matarsa na biye da ƙwaryar nono. Shi yi sallama, a shimfiɗa tabarma, a gaisa har a gaji. Sa'an nan mahaifina shi tashi shi nuna masa wurin da ƙasa ta gaji, shi ce, “Arɗo, nan za ka fara.” Bayan 'yan kwanaki a gusa da turaku gaba, har taki shi game gona. Shanu su ci kara da karmami, gona ta ci taki, mahaifina shi ƙara masa da damin gero. Har gasa a ke yi tsakanin manoma wa zai sami ruga cikin gonarsa. Ba takarda, ba alƙali, sallama ce kaɗai ta riƙe wanga ciniki shekara da shekaru.

Kada kuwa mu ɗauka maganar ta Fulani ce su kaɗai. Mu ma masu sauka ne. Nawa ne cikinku sunka bi malaminsu ci-rani, anka sauka bayan wani gari, anka tsinci karan gonar mutane anka yi bukkoki, anka hura wutar karatu? Haka masunta bakin gulbi, haka masu ƙona gawayi, haka waɗanda ambaliya ta kora daga gidajensu kamar yadda munka gani a 2020, haka waɗanda sunka gudo daga ɓarayin daji. Hukuncin da za mu ɗora bisa wani, mu san shina iya komowa kanmu.

Fasali na biyu: abin da ya sāke

In wani ya ce, to mi ya ɓata wanga tsari? Sai mu ce abubuwa huɗu.

Na ɗaya, mutane sun yawaita, gonaki sun game daji. Saurar da a ke bari ta huta shekara uku ko huɗu, yau babu ta.

Na biyu, rani ya zama damina ta biyu. Dā in anka ɗauke amfani ƙasa ta zama ta kowa har faɗuwar ruwa. Tun da injin ban ruwa ya yawaita a shekarun 1990 da shirin Fadama, fadamun da shanu ke sha su yi kiwo da rani sun koma lambuna. Mutanen Aliero sun fi kowa sani, albasarsu da rani ta ke cikin ƙasa, ta kai kasuwannin kudu da na ƙetare. A watan Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin bashin manoman shinkafa da alkama, noman rani ya ƙara faɗi bakin gulaben jihar. Alheri ne babba, amma kowace fadama da anka shuka mashaya ce ko makiyaya da anka rufe.

Na uku, kara da harawa sun zama kuɗi. Abin da dā a ke bar wa shanu, yanzu mai gona shina ɗaure shi bisa itace, shi ciyar da tumakinsa ko shi kai kasuwa. Takin zamani kuwa ya rage masa bukatar takin garke.

Na huɗu, baƙo ya zama baƙo na gaske. Wanda ke saukowa yanzu sau da yawa yaro ne ɗan haya, shanun ba nasa ba ne, bai san mai gona ba, bai san Arɗon yankin ba. Ga tsoron ɓarayin shanu da masu satar mutane ya sa kowa na kallon kowace bukka da zato. Zamanin jangali sarakuna na da lissafin kowace ruga, suna kuwa so ta zauna ƙasarsu domin kuɗin da ta ke kawowa baitulmali. Tun da anka soke jangali tsakiyar shekarun 1970, wanga lissafi ya yi rauni.

Fasali na uku: abin da littattafanmu sunka ce

Ya 'yan'uwa, malaman mazhabar Imamu Malik ba su bar wagga mas'ala ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, ya yi littafi musamman a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasa, sunansa Ta'alimur Radi. Ga abin da ke cikin babobin Risala da Muhtasar, ku koma ku duba, ina kawo ma'ana ne.

Mas'ala ta farko. Gonar da mutum ya raya da sassabe ko noma ko gina rijiya, ko ya gada, ko ya saya, shi ke da haƙƙinta. Malamai sun rarrabe tsakanin ƙwace da ta'adi. Ƙwace shi ne karɓe abin kansa. Ta'adi shi ne cin amfanin abu ba da izni ba, ko da mutum bai yi nufin mallakarsa ba. Wanda ya kafa bukka gonar wani ya ce ai kwana uku kaɗai za ni yi, ya faɗa cikin ta'adi. A tashe shi, shi biya abin da ya ɓata.

Mas'ala ta biyu. Ɓarnar da dabbobi sunka yi wa shuka da dare tana bisa mai su, ko da ta fi kuɗin dabbobin. Asalin wanga hukunci labarin raƙumar Bara'u ɗan Azibu ne da ke cikin Muwaɗɗa, kun kuma san ƙissar Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu cikin Suratul Anbiya'i. In shuka ba ta nuna ba, masana su ƙimanta ta tsakanin fata da tsoro, watau a duba tana iya yi tana iya ƙi. Na sha jin wasu na cewa ɓarnar rana ba ta da ramuwa. Wanga rabin karatu ne. Sharaɗin shi ne a ce an saki dabbobin nesa da gonaki, ba kuwa makiyayi tare da su. In an kora su kusa da shuka, ko makiyayi na tsaye ya yi sakaci, ramuwa ta tabbata ko da rana tsaka ne.

Mas'ala ta uku, ita ce wadda manoma ba su son ji. Ciyawar da Allah ya tsirar da kanta cikin gonar da mai ita ya bari bai shuka ba, ba a hana ta ga dabba, sai in shukarsa ta kewaye wurin har shiga zai yi ɓarna, ko kuwa ya keɓe wurin domin kiwon nasa dabbobin. Haka rarar ruwan rijiyar da anka gina a daji domin shayar da dabbobi, ba a hana ta, matafiyi ma shi a ke gabatarwa. Amma ku lura, halaccin cin ciyawa dabam, kafa gida dabam. Harawar da mutum ya shuka ya tara dukiyarsa ce.

Mas'ala ta huɗu, ita ce uwar magana. Kowane gari shina da hurumi, watau wurin da mutanensa ke yin itace da wurin da dabbobinsu ke kiwo su komo cikin yini. Wanga wuri ba mataccen daji ba ne da wani zai sassabe shi ce ya raya. Shugaba kuma shina da ikon keɓe makiyaya domin maslaha, kamar yadda Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umaru kuma ya keɓe Rabaza. Hanya kuwa ba ta mallakuwa. Saboda haka wanda ya kai garma cikin burtali, ko ya shuka mashaya, ko ya sayar da hurumin gari, shi ma ya sauka inda ba nasa ba. Bambancinsa da mai bukka shi ne mai bukka na tashi bayan kwanaki, shi kuwa ya zauna ke nan har shi bar wa 'ya'yansa gādo.

Mas'ala ta biyar. Baƙo na da haƙƙin liyafa kwana uku, bai kuwa halatta gare shi shi zauna har shi ƙuntata wa mai gida. Wanda larura ta koro, ruwa ko wuta ko bindiga, taimakonsa wajibi ne bisa jama'a duka. Ba a bar wa mai gona guda nauyinsa, ba a kuma kora shi daji. Larura tana da gwargwado, in ta gushe hukunci shi koma yadda ya ke.

Fasali na huɗu: abin da dokar gwamnati ta ce

Tun 1910 Turawa sunka yi shela cewa ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin ikon Gwamna domin amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin Sardauna ta sabunta wanga da dokar 1962. A watan Maris 1978, zamanin Janar Obasanjo, anka yi Dokar Amfani da Ƙasa wadda a ke aiki da ita har yau. Ta sanya ƙasar kowace jiha amana hannun Gwamna. Abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne da amfani, doka kuwa tana kare wanga haƙƙi. A karkara ƙaramar hukuma ke ba da shi, har hekta 500 domin noma, har hekta 5,000 domin kiwo, in ya wuce haka sai da yardar Gwamna. Ku duba, dokar da ta kare gona ita ce ta ambaci kiwo cikin sashe guda.

Game da shiga ba da izni ba, dokar Final Kod ta Jihar Arewa ta 1959, wadda ta fara aiki a 1960, ta yi bayani a sashe na 342. Wanda ya shiga wurin da ke hannun wani da nufin aikata laifi, ko tsoratarwa, ko cin mutunci, ko fusata mai wurin, ya yi laifi. Haka wanda ya shiga bisa halal sa'an nan ya ƙi fita da irin wanga nufi. Sashe na 348 ya yanke ɗauri har shekara guda, ko tara, ko duka biyu. Ɓarnar dukiya kuwa laifi ne dabam mai nasa hukunci. Jihohi sun gaji wagga doka suna yi mata gyare-gyare, jiharmu ta Kebbi kuma, wadda anka ƙirƙira a 1991, ta ƙara da kotunan shari'ar Musulunci masu hukuncin laifi tun 2000. Fa'ida biyu ke nan gare mu. Wanda anka ce masa tashi ya ƙi, ya jawo wa kansa hukunci. Mai gona kuma ba a ba shi ikon ƙona bukka ko sare dabba ba, in ya yi shi ma mai laifi ne, laifinsa na iya fin na farko nauyi.

A 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. An lissafa makiyaya fiye da 400 cikin Nijeriya, amma kimanin kashi ɗaya cikin uku kaɗai anka tabbatar cikin gazet, da yawa kuwa gonaki da gine-gine sun cinye su. A 1998 ƙasashen ECOWAS sunka yarda makiyaya su ƙetara iyaka in suna da takardar shaida, su bi hanyoyin da anka tsara. To ina hanyoyin?

A 2017 Jihar Binuwai ta yi dokar hana kiwon sake ɗungum, da ɗaurin shekara 5 ko tarar naira miliyan 1, ta fara aiki 1 ga Nuwamba. Mutanen jihar sun sha wuya ƙwarai kafin su kai ga haka, ba mai musun wanga. Amma an hana kafin a tanadi wuraren killacewa, jini kuwa bai tsaya ba. A Janairu 2018 an binne mutum 73 rana guda a Makurɗi. Gwamnatin tarayya ta fito da shirin Ruga a 2019, anka yi ca a kai, ta dakatar da shi cikin Yuli na wannan shekara. A Mayu 2021 gwamnonin kudu sunka taru a Asaba sunka yanke hana kiwon sake. A 2024 anka kafa ma'aikatar kula da dabbobi ta tarayya. Muna roƙon Allah shi sa ta yi amfani.

Fasali na biyar: yadda wasu ƙasashe sunka yi

Kada ku zaci wagga matsala tamu ce mu kaɗai. A Ingila akwai wata al'umma mai yawo da gidaje bisa ƙafafun mota. A 1968 anka wajabta wa hukumomin gundumomi su tanadar musu masauki. A 1994 anka ɗauke wanga wajibi, anka ƙara wa 'yan sanda ikon korarsu. A 2022 anka mai da zama bisa filin wani da mota ba da izni ba laifi, in ya jawo ɓarna ko damuwa mai yawa, da ɗauri har wata 3, ko tara har fam 2,500, da ƙwace motar. A Mayu 2024 babbar kotu ta ce wani sashe na dokar ya tauye haƙƙin waɗannan mutane, daga cikin dalilanta kuwa har da ƙarancin masaukan da anka halatta.

Faransa ta bi wata hanya. Dokarta ta 2000 ta ce garin da mutanensa sunka wuce 5,000 shi tanadi masauki, in ya yi haka sa'an nan magajin gari ke da ikon hana sauka wani wuri. Wanga shi ne zangon kakanninmu, sun iske shi da hankalinsu.

Maƙwabtanmu na Nijar, da ke bayan Kamba, suna da dokar karkara tun 1993 da dokar kiwo ta 2010. Cikinta an yarda yawon kiwo haƙƙi ne, an hana noman burtali, hukuma kuma kan yi shawara da manoma da makiyaya ta sanya ranar sakin gonaki kowace shekara. Kafin ranar wanda ya shiga ya yi laifi, bayan ranar wanda ya bar amfaninsa a fili ya yi sakaci. Su ma suna da rigingimunsu, amma rana sananniya ta rage gardama mai yawa.

Fasali na shida: abin da ya same ni

Ba ni so in faɗa muku abin da ban ɗanɗana ba. Shekarun baya kaɗan, wata safiya bayan karatu, yaro ya sheƙo ya ce an sauka gonata. Na tafi da almajirai na iske bukka biyu da turaku gefen gona, an tattake wake wajen kunya goma. Zuciya ta ɗebe ni. Wani cikin yaran har ya ciro ashana, ban kuwa hana shi da sauri kamar yadda ya kamata ba. Allah ya taimake mu da mai unguwa, tsoho, ya iso bisa babur ya ce, “Malam, a dakata.”

Anka zauna ƙarƙashin aduwa. Mai shanun ya amsa laifinsa, ya ce dare ya yi masa, ya zo bin labin da ya sani tun yana yaro ya iske ba labi. Na ce wanga ba hujja ba ce. Mai unguwa bai ce komi ba, sai ya kama hannuna ya bi da ni jerin itatuwan da iyayenmu sunka bari alamar iyaka. Ya ce, “Malam, ƙirga kunyoyin da ke bayan itatuwan nan.” Na ƙirga bakwai, duka nawa. Kowace shekara mai huɗa na ƙara kunya guda, ni kuwa ina gani ina kau da kai. Maƙwabcina na wancan gefe ya yi haka. Hanyar da dā garke ke bi a sake ta koma ba ta ɗaukar amalanke. Bukkar da ni ke shirin ƙonawa rabinta cikin burtali ta ke.

Anka ƙimanta waken da ya ɓata cikin gonata ta asali, ya biya. Ni kuma na janye kunya bakwai gaban shaidu. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na karantar da babin raya mataccen wuri ya fi a ƙirga, ban gane shi ba sai ranar nan ƙarƙashin aduwa. Ina neman gafarar Allah, ina kuma tuna abin da ashana guda ta kusa jawowa.

Fasali na bakwai: abin da ni ke kira gare shi

Dokar hana sauka gonar wani ba da izni ba gaskiya ce, shari'a ta yarda da ita, hankali ya yarda da ita, ina goyon bayanta. Amma hukumar da ta ce kada ka sauka nan, ya zama wajibi gare ta ta iya cewa sauka can. In ba haka ba ta umurci mutum da abin da ba shi iyawa, domin saniya ba ta tashi sama, wanda ruwa ya ci gidansa ba shi kwana bisa ruwa.

Ga masu sauka, makiyayi ko malami da almajiransa ko wanin su: ku tsaya bakin hanya, ku aika ga mai gari da Arɗon yankin, ku nemi mai gona ku yi sallama. In ya ce a'a, a'a ce, ba a tambayarsa dalili. Kada ku ba yaro ƙarami garke kusa da shuka. Ku ɗaure da dare.

Ga manoma: kowa shi je shi ƙirga kunyoyinsa kamar yadda anka sa ni na ƙirga. Ku gaggauta ɗauke wake da harawa. In an yi muku ɓarna ku kira shaidu, ku kai ga mai unguwa, daga nan mai gari, daga nan uban ƙasa ko alƙali. Kada ku zuba guba, kada ku sari dabba, dabba ba ta da laifi.

Ga iyayenmu sarakuna da shugabannin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, muna roƙo cikin ladabi. A fita da dattawan da sunka san iyakoki tun suna da rai, a bi kowane burtali a kafa alama da ba ta tumɓukuwa. A bar hanyar ruwa tsakanin lambuna. Kowane gari shi keɓe zango. A sanya ranar sakin gonaki, a yi shelarta kasuwa da masallatai da rediyo. Wanda ya sayar da hurumi a tuhume shi, kome girmansa.

Ga ku almajirai: aikinku alƙalami. Sallamar baki ta ishi iyayenmu domin sun san juna, yau ba ta isa. In mai gona da mai shanu sun daidaita, ku rubuta musu: ga gona, ga iyakarta, ga ranar shiga, ga ranar fita, ga abin da za a bayar, ga shaidu biyu. Ku rubuta da ajami da boko, kowa shi riƙe tasa, a kai ta uku gidan mai gari. Takarda guda da tawadar da ba ta kai cokali ba tana iya tsare ran mutum. In kuwa kunka ga taro ya tashi da sanduna, ku zama masu cewa a dakata.

Ga malamai, ni da ku: in munka karanta babin ramuwar ɓarna, mu haɗa da babin hurumi. Kada mu karanta wa manomi abin da ke bisa makiyayi kaɗai, mu karanta wa makiyayi abin da ke bisa manomi kaɗai, domin kowa shi ba mu goro. A karanta wa kowa nasa.

Nan na tsaya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure daga gare ni, malamaina su gyara. Allah shi ba mu kaka mai albarka, shi tsare gonakinmu da garkunanmu, shi jiƙan waɗanda sunka rasa rayukansu cikin wagga fitina, shi ba shugabanninmu ikon yin adalci. Wanda wagga takarda ta iske, shi karanta wa wanda bai iya karatu ba.